Kafin Zuhal Ya Faɗa Bayan Tanki

Ranar da muka dawo daga wurin likitan ido, na riƙo hannun mijina har muka shiga gida. Ya lalubi kujerarsa ya zauna, ya cire tabarau ya riƙe a hannu, sannan ya ce, "Tela, ina so in ga Zuhal."

Tela yake kirana tun muna da sauran ƙuruciya, saboda ɗinki ne sana'ata, shagona ma yana nan a ƙasan benenmu. Shi kuwa kowa Safiyo yake ce masa, don a awon filaye da hanyoyi ya ƙarar da ƙarfinsa. Zuhal kuma ba mutum ba ne. Wata duniya ce can a sama, mai zobe kewaye da ita, kuma duk cikin abubuwan da Malam yake leƙawa da madubinsa na hangen nesa babu wanda ya kai ta shiga ransa.

Madubin nan wani farin bututu ne mai kauri, tsawonsa ya kai kafaɗata, yana zaune a kan akwatin katako mai juyawa a rufin benenmu. Ba shi da inji, ba shi da batir, da hannu ake tura shi. Tunda ya shigo gidan ban taɓa sa idona a ciki ba. Ba ƙiyayya ba ce. Wuni nake ina zura zare a allura, in yamma ta yi ba ni da sauran sha'awar leƙen wani ƙaramin rami. Abin da ya haɗa ni da shi bai wuce rigar da na ɗinka masa da ragowar yadin labule ba.

Likita ya ce idon hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan tsakiyarsa, kamar mai leƙe ta ramin makulli, ramin kuma kullum tsukewa yake. Bai faɗi rana ba. Cewa kawai ya yi, duk abin da Malam yake son gani, ya gan shi yanzu.

Na ce, "To mene ne na wahala? Bari in kira Auta ta turo maka hotonsa a waya. Babba ma kuwa, har da kala."

Ya ce, "Hoto ai wani ne ya gani yake ba ka labari. A bututu kuwa, hasken da ya taso daga jikinsa shi ne zai shigo idona."

"To hau ka gani mana, wa ya riƙe ka?"

"Ba zan iya nemo shi ba, Tela. Ke za ki nemo min."

Sai ya yi min bayani. A wannan lokacin Zuhal yana fitowa ne ta yamma da zarar rana ta faɗi, kuma kowace rana yana ƙara yin ƙasa. Ba da daɗewa ba zai riƙa ɓuya a bayan tankin ruwan maƙwabcinmu tun duhu bai gama shiga ba, daga nan hasken rana ya haɗiye shi, sai bayan watanni ya dawo. Bai ƙarasa maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Dukanmu mun san idon ba zai kai ba.

Washegari da hantsi na bar ɗinkin mutane a kan keke muka hau sama. Na zaunar da shi a kan kujerar roba, ya ɗora hannuwa a kan sandarsa, nan take ya koma safiyonsa na da. Ko muryarsa sai da ta canza.

"Duba inda sama ta haɗu da ƙasa, ko ta ina kika juya. Wannan shi ne bakin sama. Daidai saman kanki kuwa, tsakar sama. Duk abin da kike nema a tsakaninsu, abu biyu za ki sani a kansa: tsayi da juyi. Tsayi shi ne yawan hawan da ya yi daga bakin sama. Juyi kuma, ki fuskanci arewa, ki bi hannun dama, ki ga nawa kika juya kafin ki zo kansa."

Na ce, "Wato tsawo da faɗi. Ai sai ka faɗa min haka tun farko."

"Ba riga za ki yanka ba."

"To da wane tef zan auna?"

"Miƙe hannunki, ki dunƙule. Faɗin dunƙulen nan digiri goma ne a sama."

"Hannuna ai bai kai naka ba."

"Hannunki gajere, dunƙulenki ƙarami. Lissafin ya biya kansa."

Na tsaya a rufin bene da rana tsaka, mace da jikoki, ina kai wa sama naushi ɗaya bisa ɗaya. Matar maƙwabci da ke shanya ta tsaya tana kallona da riga a hannu. Na ɗaga mata hannu, na ci gaba da abin da ke gabana.

A bayan babban bututun akwai wani ɗan ƙarami a ɗaure, mai zare biyu da suka gitta juna a cikinsa. Malam ya ce sunansa manemi, don da shi ake nemo abu kafin a koma wurin idon babban, wato ɗan gilashin da ake leƙawa. Dole su biyun su kalli wuri ɗaya, kuma da rana ake daidaita su, a kan abin da ba ya motsi. Ya ce in nemi ƙarfen sabis ɗin waya da ke can ƙarshen gari. Ya kuma ja kunnena: ko da wasa kada bakin bututun ya kalli rana, makaho ɗaya ya ishi gida.

Ban yi dariya ba. Shi ya yi abarsa.

Da na sa ido, sai ga ƙarfen a tsaye bisa kansa, da wani tsuntsu a maƙale a kife. Na ce, "Malam, madubinka ya lalace. Komai ƙafarsa a sama."

"Lafiyarsa ƙalau. Haka yake nuna komai, a kife. Ki riƙe wannan."

Na ce na riƙe. In na so ƙarfen ya matso hagu sai ya gudu dama, in na so ya sauko sai ya hau. Na yi tsaki ya fi a ƙirga. Na ce wanda ya ƙera abin nan bai taɓa aure ba, shi ya sa yake da lokacin wahalar da mutane. Amma kafin azahar na murɗa ƙusoshin manemi har kan ƙarfen ya zauna daram a mahaɗar zaren, ya kuma zauna a tsakiyar idon babban. Malam ya shafa bututun ya ce ba laifi. A bakinsa, ba laifi babban yabo ne.

Da yamma na rufe shago da wuri. Rana ta faɗi, sama ta yi ja ta fara baƙi, ana jin ƙarar ƙofofin shaguna ana saukewa a layi.

Ya ce, "Fuskanci tanki. Daga kansa ki hau dunƙule biyu, ki ɗan karkata hagu. Za ki ga wani mai ruwan ɗorawa. Tauraro yana kifta ido, duniya ba ta kiftawa."

Ga shi kuwa, tsit, ba ya kiftawa. Na rungumi bututun na juya, na ɗaga, na yi ta lalube a manemi har ya shigo mahaɗar zare. Na koma wurin ido, na murɗa ɗan maɓallin da ke gyara gani.

Sai ga shi a gabana. Ɗan ƙarami ne, bai kai maɓallin rigar jariri ba, amma fes, da zobensa a kewaye kamar an zana da bakin allura. Ashe da gaske yana can. Abin da ya fara zuwar min haushi ne, haushin mutumin da ya shekara da shekaru yana hawa nan shi kaɗai bai taɓa jawo ni da ƙarfi ba.

"Kin same shi," in ji shi. "Na ji numfashinki."

"Taso, taso maza!"

Tasowar ce matsala. Manemi da ido suna kusa da juna, kai biyu ba ya shiga wurin. Mun gwada, muka yi karo har sai da na ga wuta. Dole sai na tashi, na kamo hannunsa, na zaunar da shi a kan ɗan benci, na kai goshinsa wurin. Daga nan kuma sai ya yi ta juya kai a hankali kafin ɗan abin da ya rage masa na gani ya faɗa daidai da ramin.

Ya daɗe, sannan ya ce, "Babu komai."

Na leƙa. Baƙi ƙirin. Na ce, "Kai ka ture shi da kafaɗarka!"

"Ban taɓa shi ba. Ƙasa ce take juyawa da mu. Da'irar nan da kike gani a ciki, fili ake ce mata, kuma komai ratsa ta yake yi ya wuce. Mai madubin hannu ba ya hutawa, kullum yana ɗan turawa yana bin abinsa."

Muka sake, muka kuma sakewa. Da na kamo shi sai in zabura in tashi, amma kafin idon Malam ya zauna ya fice. Muna cikin haka Zuhal ya faɗa bayan tanki.

A matakala Malam ya ce kada in damu, akwai dabara. Gobe kada in ajiye shi a tsakiya. In ajiye shi a gefen da yake shigowa, ta yadda kafin ya iso tsakiyar fili shi ma ya shirya. Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Kashegari sai ga hadari ya taso daga gabas tun la'asar, amma yamma tana nan garau. Muka hau da sauri. Na kamo Zuhal cikin ɗan lokaci, har ina jin kaina. Na yi tunani irin na mai hankali: abin da yake faɗuwa ai daga sama yake gangarowa. Sai na ajiye shi can a gefen sama na fili, na tashi na zaunar da Malam.

"Babu."

Na ce laifin nawarsa ne. Na sake kamowa, na ƙara kai shi can ƙurewar sama don ya sami doguwar tafiya.

"Babu, Tela."

Iska ta fara kaɗa shanyar maƙwabta. Na sake gwadawa. A karo na gaba ne ya ɗago kai ya ce, "Wai a wane gefe kike ajiye shi?"

"A sama mana. Ba faɗuwa yake ba?"

A hankali ya ce, "A kife yake, Tela. A bakin ƙofar fita kike ajiye shi."

Na ture shi gefe, abin da ban taɓa yi ba, na cusa idona a manemi. Gajimare ya riga ya cinye yamma. Ɗigon farko ya sauka a wuyana ina tsaye ina lalube a cikin toka.

Ruwan nan ya zo kamar ya sami gidan zama. In ya ɗauke da rana, da yamma sai sama ta sake rufewa ruf. Kullum sai na hau, na dunƙule hannu a saman tanki, ina auna wurin da ba na ganin komai. A ƙasa kuma ina ganin abin da ba na son gani. Wata safiya Malam ya ɗauki buta zai zuba shayi, ya zuba shi a kan tebur, dab da kofi, bai sani ba sai da ya ji zafi a gwiwarsa. Wata rana na shigo ɗaki na tsaya a gabansa, ya ci gaba da kallon ƙofa yana jiran shigowata.

Da ya yi min faɗa da na ji sauƙi. Ina da amsa a shirye, na tanadi masifa ta kwana da kwanaki. Amma ko sau ɗaya bai tada maganar ba. Sai dai ya tambaye ni ko an karɓi ɗinkin makarantar nan, ko na sha maganin ƙafata. Sai in sauka shago in taka keke da ƙarfi ba tare da yadi a ƙarƙashin allura ba, don kada ya ji kukana ta cikin silin. Baƙin ciki nake, ina kuma jin tsoro, ina jin haushin kaina da wayona.

Auta ta kira daga garin da take aiki. Ta ce, "Mama, akwai fa madubai masu kwamfuta yanzu, da kansu suke bin tauraro. In nema wa Baba?"

Na ce, "Kafin ya iso fa?"

Sai ta tambaye ni lafiyar ƙafata.

Ranar da sama ta buɗe, ban yarda da ita ba sai da rana ta faɗi. Wani siririn wuri ne ya washe a yamma, tsakanin gajimare da rufin gidaje. Na miƙa hannu. Babu maganar dunƙule kuma. Tsakanin Zuhal da kan tanki bai fi yatsu uku ba.

Malam ya ce, "Yi sauri."

Na ce, "Ba zan yi ba. Zauna."

Wannan karon da na kamo shi ban tashi ba. Na cije, na zauna ina kallonsa yana tafiya. Daga ƙasa yake shigowa, ya hau a hankali, ya ratsa tsakiya, ya fice ta sama. Don in san tsawon tafiyar, sai na ɗinka maɓalli a zuciyata: na zura, na ja, na zagaya, na ɗaure, na yanke. Maɓalli ɗaya, ya ratsa fili. Na mayar da shi can ƙasa, har na ɗan fitar da shi waje don ya ba mu rata. Na tashi ba gaggawa, na kamo Malam, na zaunar da shi, na kai goshinsa da hannuna.

Na fara ɗinkin a raina. Na zura, na ja. Yana ta juya kai kaɗan-kaɗan. Na zagaya. Sai ya tsaya cak.

"Ga shi," in ji shi.

Na durƙusa a gefen bencin. Na ce, "Da gaske? Ka gan shi?"

"Ga shi nan, Tela. Kai, mutumin nan bai tsufa ba. Ga zoben. Ga ɗan duhun da ke tsakaninsa da zoben. Kin yi aiki."

Hawaye suna zuba ina dariya. Na ɗaure zaren a raina, na yanke. Na ɗora hannu a kan bututun na ce, "Ɗaga kanka kaɗan in mayar maka da shi, yanzu zai fita."

Ya ce, "A'a, kada ki taɓa. Yana tsakiya daram."

Na ce wataƙila ni na yi saurin ɗinki. Na fara wani maɓallin, a hankali wannan karon, na gama.

"Malam, in tura?"

"Bar shi. Yana nan a tsakiya. Ga ma wani ɗan watansa a gefe, kamar ɗigon gishiri."

Na cire hannuna daga kan bututun. Na san tuni Zuhal ya fice daga fili. Ban sake tambaya ba. Ina durƙushe ina ɗinka maɓallai a raina ɗaya bayan ɗaya, har na gama na gaban riga na koma hannuwa, shi kuwa yana ta ba ni labari da murya mai daɗi: launinsa, layukan da ke jikinsa, inuwar da yake jefawa a kan zoben. Na ɗaga kai na duba yamma da idona. Ina kallo ɗan hasken ya sauka a kan murfin tanki, ya ɗan tsaya, ya shige baya. Malam bai ɗago ba. Goshinsa yana manne da gilashin, yana cewa, "Kai, madalla. Madalla."

Ban taɓa jin ciwo irin na wannan lokacin ba, har da na haihuwa. Na so in kama rigarsa in ce ya daina, ni ba yarinya ba ce da za a rarrasa. Na so kuma kada ya daina. Sai na toshe bakina da gefen mayafi na bar shi ya gama.

Can ya miƙe, ya goge ido da bayan hannu. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Sa masa rigarsa, kada raɓa ta shiga."

Na rufe bakin bututun, na sa masa riga, na ɗaure igiyar. Na ba Malam sandarsa. Muka kama matakala, ina gaba, hannunsa a kafaɗata, ina faɗa masa inda zai taka. Fitilar matakalar tana kunne, amma da ƙafa yake laluben kowane hawa.

Mun kai inda matakalar ta lanƙwasa sai ya tsaya. Na ji yatsunsa sun matse kafaɗata.

"Tela."

"Na'am."

"Zoben nan... yaya yake bana? A buɗe yake, ko ya tsuke?"

Ban juyo ba, don na san in na kalle shi ba zan iya magana ba. Na ce ya ɗan tsuke, siriri ne, ya karkata ta hannun hagu. Na ce launinsa kamar tsohon yadin siliki da ya sha wanki. Na ce akwai ɗigo biyu a gefensa, ɗaya ya fi ɗaya haske.

"Biyu?" in ji shi. "Kin ga har biyu?"

"Biyu."

"Faɗa min a hankali. Fara daga lokacin da ya shigo fili."

Muka zauna a kan matakalar, na fara daga farko.